Jijiyar da na dasa wa Yaya Bawa

Damina bakwai ke nan da muka binne Yaya Bawa a Dabai, kuma har yau ban gaya wa kowa cewa da bakina a cikin mutuwarsa ba. Yau zan faɗa, don abin ya iso kaina.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi soja, ya dawo ya rungumi fartanya, ciwon suga na cinsa a hankali. Ranar da ya ga fitsarinsa na kumfa kamar an zuba omo, ni na raka shi asibiti, don ni ce mai boko a gidan. Likitan baƙo ne, Turanci yake yi, ni ina juyawa.

Bayaninsa bai da wuya. Jiki yana da wani sinadari da ke ba ƙananan hanyoyin jini umarni su yi girma. Ƙoda tana buƙatarsa, amma ɗan kaɗan. Idan suga ya daɗe yana hawa, sinadarin sai ya yi yawa, sababbin hanyoyi su yi ta fitowa a matatar ƙoda, sirara, marasa ƙwari, masu yoyo. Abin da ya kamata ya zauna a jini sai ya zube cikin fitsari. Kumfar ke nan.

Ni kuwa, uwar iyayi, sai na taƙaita masa: "Yaya, wai jijiyoyi ne ke tsiro a ƙodarka."

Wayyo ni! Na manta da manomi nake magana. A wurinsa jijiya ita ce ta itace, wadda ke kutsawa ƙasa ta fasa dutse. Muka hau babur muka wuce Rikoto. Can ya ce, "Ladi, ai na san maganin jijiya. A hana ta ruwa."

Na ɗauka wasa ne. Ashe ya daina shan ruwa sai kurɓi ɗaya da safe. Ƙwayoyin ma ya ajiye, tunda da ruwa ake haɗiyarsu. Kullum da rana tsaka zan same shi a gindin mangwaro, leɓe ya tsage, ido ya faɗa, yana sauraro kamar mai jiran baƙo. Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a ƙugunsa.

"Kin ji? Suna laluben ruwa."

Wallahi na ji wani abu ya motsa. Na san bugun jini ne, amma na fizge hannuna. Na yi ta rantse masa cewa ba irin wannan jijiyar ba ce. Ya ce, "Ke kika faɗa, kuma ba ki taɓa yi mini ƙarya ba." Kafin kakar shekarar ta shigo, ƙodar ta tsaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Maƙwabciyata mai suga ana yi mata allura a ido don a danne wannan sinadarin. Da ya yi dariya ya ce ashe da gaskiyarsa, ciyawa ce ake kashewa. Sai dai likitoci sun ce a ƙoda abin ba haka yake ba: ya yi yawa ɓarna, a kashe shi gaba ɗaya ma ɓarna.

Watan jiya na ga kumfa a nawa fitsarin. Na tsaya ina kallonta, ta ƙi mutuwa. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Washegari na tafi asibiti, kuma da likita ya fara bayani na tare shi na ce, "Don Allah ka ce hanyar jini. Kada ka ce jijiya."

Abin da ya rage mini na Yaya shi ne wannan yarda da ya yi da ni, kuma ta fi kabarinsa nauyi. Jiya na je Dabai. Wani ɗan itace ya tsiro a kan kabarin, daidai inda ƙugunsa zai kasance. Na ja, ya ƙi fita. Na sake shi, na buɗe gorar da na zo da ita, na haɗiye ƙwayata, sauran ruwan na juye masa duka. Ƙasar ta shanye kafin in rufe gorar.