Ranar Haihuwar Baba Ilu

Har gobe ina tuna ranar da kwamfuta ta ce ba a haifi Baba Ilu ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in shigar da bayanai a Birnin Kudu, an tura ni Sara, ƙasar Gwaram, rajistar manoman da za a ba takin zamani.

Ƙa'idar shafin intanet ɗin da muke rajistar a kai mai sauƙi ce. Kowane gurbi yana da abubuwan da aka haramta masa. Ka shigar da ɗayansu, sai ya yi ja, rajista ta tsaya. A gurbin ranar haihuwa an haramta ɗaya ga Janairu, wai ita masu ƙirƙiro manoman bogi suka fi sa wa. Masu shafin ba su san cewa duk dattijon da bai san ranarsa ba, ita malaman katin shaida suke rubuta masa ba. Baba Ilu, wanda masararsa ta kai gwiwa tana jiran taki, shi ne farkon layi.

Na ce, "Baba, yaushe aka haife ka?"

Ya ce, "Ranar kasuwa ce, in ji innata."

Na buga wa shugabana, Malam Sabo, waya. Ya ce, "Kai ma dai! Sa biyu ga wata mana."

Na sa wa kowa biyu. Masu shafin suka ga gari guda an haife shi rana ɗaya, suka haramta biyu, suka soke rajistar. Muka koma uku, suka haramta uku. Duk mako sai Baba Ilu ya zo a kan kekensa, ya jingine shi, ya ce, "Yaro, yau an haife ni?" Tun ina dariya har na koma jin kunyar haɗa ido da shi.

Sai da muka kutsa da ranakun haihuwar cikin Fabrairu shafin ya yi kore, lokacin taki ya ƙare. Tsohon ya daɗe yana duban takardarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Bana an yi ta haihuwata, masarata kuwa ko goyo ba ta yi ba."

Shi ya sa nake gaya muku, ku yaran yanzu: kafin ku haramta wa gurbi wani abu, ku leƙa layi ku ga wa ke riƙe da shi.