Jiniyar Laraba a Lyon

Akwai wata Laraba cikin sanyin 2012 da ba ta fita raina har yau. Lokacin ina tafinta a gidan saukar masu neman mafaka a Lyon. Ku sababbin ma'aikata kun san cewa Larabar farko ta kowane wata, da tsakar rana, ana kaɗa jiniya a garuruwan Faransa don a gwada ko tana aiki. 'Yan gari ko ɗaga kai ba sa yi. Mu ma mun saba, har ba ya zuwa ran kowa ya gaya wa baƙo.

A watan aka kawo mana Rabi, 'yar Damagaram, da 'yarta Nana mai shekara huɗu. A Libiya suka zauna, can yaƙi ya ci mijinta. Mace ce shiru-shiru, gaisuwa ma sai ka matso kake ji.

Jiniya na tashi, Rabi ta suri yarinyar ta fita da gudu, ba rigar sanyi, ba takalmi. Ta tsallaka titi motoci na taka birki, ta je tsakiyar filin ƙwallo ta kwanta a kanta. Da ƙyar aka ɓamɓare su, leɓen Nana ya yi fari don sanyi.

Ƙa'idar aiki ita ce, in uwa ta jefa ɗanta cikin haɗari, shugabar gida ta kai rahoto ga hukumar kare yara, su kuma suna iya ɗauke yaron. Shugabarmu dattijuwa ce mai tsauri, ko makarar minti biyar ba ta yafewa. Ta kira ni ofis, ta zaunar da Rabi, ta ce in tambaye ta: ko da ta ji tsoro, me ya hana ta sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta ɓuya?

Rabi ta dube ni. "Yaya, ki gaya mata gini shi ke kashe mutum."

Ta ce a unguwarsu an kafa manyan bindigogin kakkaɓo jirage kusa da gidaje, aka ce kariya ce. Suna harbi sama, abin da suka harba yana faɗowa kan rufin mutane. Makami mai linzami kuwa ba su taɓa tare ko ɗaya ba a ganinta, sai ma suka jawo shi. Ran da jiniya ta yi kuka, mijinta ya ce ta fita fili da yarinya, shi zai koma ya ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu. Ginin ya rufta da su biyun.

Ina fassarawa hawaye na zubo mini. Wallahi na ji kunya, tafinta ba ya kuka a bakin aiki, amma na yi.

Sai shugaba ta ce ita ma mahaifiyarta tana yarinya aka yi ruwan bama-bamai a garin nan lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma har ta tsufa, duk Larabar farko sai an riƙe mata hannu. "Ni nake riƙewa," in ji ta.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake roƙonku: kafin ku rubuta cewa mutum ya zautu, ku tambaye shi abin da ya gani. Duk baƙon da ya sauka, ku faɗa masa zancen jiniya tun ranar farko, da harshensa.

Rabi dai ba ta ji Faransancin ba, ta ƙanƙame 'yarta tana kallon bakina.

"Yaya, me ta ce? Za su karɓe ta?"

Na juya na tambayi shugaba kai tsaye. Ta girgiza kai.

Na ce, "Ta ce Nana a ɗakinki za ta kwana."

"Yau kaɗai?"

"Yau da kullum, ƙanwata."

Sai a lokacin ta sassauta riƙon, yarinyar ta samu ta yi numfashi sosai.