Azarar da Na Sa Wa Alli

Ranar wata Asabar cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gidanmu a Kucheri ɗauke da azara. Rufin ɗakin kakata Inna ya lotsa tun daminar bara, ta koma kwana a ɗakinmu, kullum kuwa sai ta yi mitar mun cika shure-shure. Baba ya so ya sa mata kwano, ta ce ita ba gurasa ba ce da za a gasa ta. Sai aka kira Malam Ɗanjumma magini, aka jera azarar bisa duwatsu a gindin bango, ana gaggawar a rufe ɗakin kafin ruwan shuka.

Mu yara abin ya zame mana biki. Muna ɗebo ruwa, mu faɗa cikin kwaɓin ƙasa da ciyawa muna tattakawa har gwiwa, da yamma mu hau azarar muna tafiya hannuwa a buɗe, wanda ya faɗo a yi masa ihu. Ni ba ni da baki a lokacin, ko a makaranta in na san amsa sai in sunkuyar da kai. Amma shara tawa ce, kuma kowace safiya sai in tarar da wani gari mai laushi kamar dusa a ƙarƙashin azara guda, ta uku daga bango. In share, gobe ya dawo. Da na duƙa, sai na ga 'yan ƙofofi kamar na allura.

Kwana biyu ina juya maganar. Yaya yarinya za ta gaya wa maginin da ya girmi ubanta cewa itacensa na da ƙwari? In kuma na yi shiru, a kan Inna za a ɗora shi, a labta masa ƙasa. Sai na ɗauko guntun allin da na tsinta a aji, na yi wa azarar irin gicciyen da malaminmu ke yi wa lissafin da ya ɓaci, na ruga makaranta.

Da na dawo na tarar an tsayar da aiki. Malam Ɗanjumma ya ƙwanƙwasa azarar da gatari, ta amsa kamar ganga, ya sara, gari ya zubo.

"Wane malami ne ya kayar da ni jarrabawa gidan ga?" in ji shi.

Na laɓe bayan rumbu, Inna ta jawo ni tana dariya. "Ga ta nan, kurmar gidanmu. Ashe ba ta son in mutu ta gaji tabarmata!"

Ya sa na bi sauran da shi ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Azara sai namijin giginya, ɗiyata." Ranar da aka gama yaɓe, hadari ya haɗu.

Yanzu a Gusau nake, ƙarƙashin katako da kwano da kafinta ya buga cikin yini biyu, giginyar ma ta yi wuya a dajinmu. Ɗakin Inna kuwa yana nan, ƙannena na ajiye gero a ciki. In na je gida da rana tsaka, can nake shimfiɗa tabarma. Har yau ban sami inuwa mai sanyinsa ba.