Akuyar da ta gifta a fim ɗina

Shekarun baya ni da abokina mun shirya fim a kan yaran da ake kwashewa daga ƙauye da sunan aikatau, a tsallaka iyaka da su a miƙa wa maza. Wata yarinya a wajen Bazaga ta yarda ta ba mu labarinta. Mutanen garinsu sun ɗauka wanke-wanke kawai ta yi ta dawo. Sharaɗin mahaifinta ɗaya ne: kada kowa ya gane ta.

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Lokacin ina ji da kaina, gani nake babu wanda ya kai ni iya aiki. Na rufe fuskarta, na sauya muryarta, zanen ma na aro ta ɗaura.

Saura kwana biyu a nuna fim ɗin a Konni, ina tsakar gida ina sake dubawa a kwamfuta, mahaifiyata na gefe tana tsintar wake. Ita ma 'yar wajen Bazaga ce, kuma da kiwon awaki ta tashi. Sai ta leƙo.

"Mai da shi baya. Wagga akuya na san gidansu. Ba ka ga tsagar kunnenta ba? Biyu dama, guda hagu." Ta juyo ta dube ni. "Ɗiyarsu ta, ko?"

Na mai da shi baya. Na kalli wurin nan har na haddace shi, ban taɓa lura akuya ta gifta ba.

"In ni da idona ya tsufa na gane, ina ga masu kai awaki kasuwa?" in ji ta.

Da na gaya wa abokina, ya so ya yi gardama, don nan ne yarinyar ta faɗi maganar da ta fi taɓa zuciya. Muka cire hoton, muka bar muryar a kan gonar gero.

Ranar nunin mahaifin yarinyar ya zo ya zauna can baya. Da aka tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, ko ni ban gane ta ba." Sai lokacin na yi ajiyar zuciya.

Har yau idan na tuna, godiya nake wa Allah da ya zaunar da tsohuwata kusa da ni ranar. Na koyi cewa ba da fuska kaɗai ake gane mutum a ƙauye ba. Tsohuwata tana zuwa garin su yarinyar biki da suna, kuma ko ni ba ta sake tayar wa da zancen ba.