Faifai na Tara

Duk tsawon shekarun da na yi ina buga takardu, akwai wata Laraba a Kafanchan da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma ban ga ranar da za ta bari ba.

Lokacin ina budurwa, ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Kwamfuta ɗaya ce a shagon. Mai shagon, wata dattijuwa da muke kira Mama, ta amince da ni har makulli a hannuna yake kwana. Ni kuwa kaina cike yake da littattafan soyayya na kasuwa, har na soma rubuta nawa a ɓoye. Don kada Mama ta gani, sai na nemi wurin ajiya. A cikin durowa akwai kwalin faya-fayan fulofi, irin na ajiyar bayanai a wancan zamanin, da suka zo tare da kwamfutar, kowanne da lambarsa, ba wanda ya taɓa amfani da su. Na ɗauka rara ne. Na zari ɗaya daga tsakiya, ya ƙi karɓar rubutu, na toshe ramin gefensa da salatif don ya karɓa, na goge abin da ke ciki, na zuba labarina, na mayar da shi wurinsa.

Da damina ta yi nisa tsawa ta faɗi, kwamfutar ta mutu. Ga shi matan coci sun kawo littafin waƙoƙin taronsu, ranar Juma'a suke so. Mama ta aika aka kira mai gyara daga Sabon Tasha a Kaduna. Ni har na gama zana shi a raina, dogo, mai sanyin murya. Sai ga wani magidanci mai tumbi, wandonsa duk taɓon hanyar Kachia, yana ƙorafin bayansa.

Ya buɗe injin ya ce babban allon ciki ya ƙone, ma'ajiyar bayanai ma ta tafi. Ya cire, ya sa sababbi, ya kunna. Baƙin allo kawai.

"Mama, yanzu kamar sabon jariri ne, bai san komai ba," in ji shi. "Sai an sake ɗora masa tsarin aiki daga farko. Ina faifan da ya zo da shi?"

Mama ta ciro kwalin. Ni kuwa na ɓoye abin da na yi, ina fatan ba duka ake bukata ba.

Ban taɓa ganin aiki mai cin rai irin wannan ba. Ya sa faifai, injin ya yi ta gurnani, ya nemi na gaba. Muna na huɗu aka ɗauke wuta, aka koma farko. Mai gyara ya ci gyaɗa, ya yi hamma, ya yi gyangyaɗi. Ni ina tsaye ina ƙirgawa. Wajen la'asar muka kai na tara. Injin ya ƙi shi. Ya sake sawa, ya sake ƙi. Ya zaro shi ya juya a hannu, ya tsaya a kan salatif ɗin.

"Sista, wa ya manna wannan?"

Na so in ce ban sani ba. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin ne wani yake shigowa ya ceci yarinya. Ba wanda ya shigo sai mai kunun zaƙi.

"Ni ce," na ce. "Labari na ajiye a ciki."

"Labarin me?" Mama ta tambaya.

"Na soyayya, Mama."

Mai gyara ya yi dariyar gajiya. "To soyayya ba zai tada inji ba. Sai na koma Kaduna na nemo wani. Jibi, in hanya ya yarda."

Jibin nan ita ce Juma'a. Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta kwashi takardun matan coci, ta tafi da ƙafarta ta ba su haƙuri, su nemi wani shagon. Da ta dawo ta zauna a benci ta daɗe tana matsa gwiwa.

"'Yata, da kin tambaye ni faifai, da na saya miki," ta ce. Ta miƙo min na taran. "Riƙe abinki. Ba ni makulli."

Ba ta kore ni ba. Na ƙara shekara biyu a shagon, amma kullum da safe a bakin ƙofa nake tsayawa, ko ana ruwa, ina jiran ta zo ta buɗe.

Tun daga ranar na gane cewa abin da aka ajiye ba a taɓawa, ba rashin amfani ne ya sa ba, ranarsa ce ba ta zo ba. Kuma tambayar da na ji kunyar yi ta minti ɗaya ce, amanar da ta tafi kuwa ban sake samunta ba.