Daron Ruwan Baba Dogara

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Baba Dogara mai lilo, kuma tun daga farko bari in gaya muku ba da son raina nake wannan rubutu ba. Ni a aji huɗu na tsaya a firamare, shi ma malamai ne suka gaji da bakina suka rako ni har bakin ƙofa. Yanzu yaron mota nake yi tsakanin Samaru da Sabon Gari. In kun taɓa ganin wani rataye a ƙofar bas yana tsokanar ɗaliban jami'a, to kun san ni. Yaya Ladi, babbar 'yar marigayin, ita ta tare ni a tasha, ta cafke mini riga a gaban fasinja, ta ce duk cikin yaran da babanta ya koya ma aiki ni na fi surutu, don haka ni zan rubuta. Na ce mata ni biro ma ban da shi. Ta zaro ɗaya daga jaka. Ta ce in zuba surutun a takarda, akwai ɗalibin da zai gyara mini baƙaƙen. To, ga shi nan. In kun ga kuskure, na ɗalibin ne.

Ga wanda bai san lilon ba: wata ƙatuwar ƙafar keke ce ta ƙarfe, a tsaye, ta ɗara rufin gida tsawo, da kujeru takwas rataye a jikinta. Baba da kanshi ya harhaɗa ta da tsofaffin ƙarafa bayan ya bar aikin gyaran jirgin ƙasa. Da hannu ake juya ta. Akwai wani mariƙi a gefe, mutum biyu su kama su yi ta murzawa, kujeru su tafi sama su dawo. Asabar da Lahadi tana wani fili a Unguwar Gabas. In Sallah ko Kirsimeti ta zo, a kwance ta, a loda a babbar mota, a kai Samaru. Ni na shiga aikin a shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, ina ɗan shekara sha shida, na ɗauka wasa za a riƙa biyana in yi. Baba ya saurare ni minti biyu ya raɗa mini suna Rediyo, har yau shi ake kirana a tasha.

Ranar farko na naɗe hannun riga zan ɗauki yara, sai ya ce in je in ɗebo ruwa. Ya cika daro har kusa da baki, ya ajiye a kujera, ya ce in kai shi sama in dawo da shi sau goma. In ɗigo ɗaya ya taɓa katakon kujera, a sake daga farko. Na yi dariya na tambaye shi ko daron ya sayi tikiti. Bai ko murmusa ba. Ya ce ranar da na iya ɗaukar ruwa, sai a yi maganar ɗan mutum.

Sati uku ina fama da daron nan. 'Yan unguwa suka mai da ni abin kallo, masu ƙosai suna tambayata lafiyar fasinjana. Amma a hankali hannuna ya gane abin da kaina bai gane ba: ba a fizga a tashi, ba a tsayawa lokaci ɗaya, kuma akwai wani wuri a can sama, daidai inda kujera za ta juyo ƙasa, da dole ka riƙe nauyin kada ya gudu da kai.

Bayan daro kuma sai sauran dokoki, waɗanda a lokacin na ɗauka tsufa ne kawai ke damun shi. Ba ka yi ma yaro magana kana tsaye a kanshi. Ka tsuguna, ka tambayi sunanshi, ka riƙe sunan har ya sauka. Sakatar da ke tare cikin yaro a kujera, kai za ka rufe, ka ja sau biyu da hannunka, ko da uwar ta rantse ta rufe. Matar ƙauye da ta taho daga Shika ba ta san layi ba, ba ka daka mata tsawa, ka nuna mata inda za ta tsaya. Akwai wani malamin jami'a da ya taɓa zuwa da 'ya'yanshi cikin mota, ya wuce gaban layi yana Turanci. Baba ya gaishe shi da girmamawa, ya ba shi kujerar zamanshi a inuwa, sannan ya kama hannun yaran ya kai su bayan 'ya'yan wata mai tallar gyaɗa. Malamin ya zauna ya jira. Na so in yi magana, Baba ya kalle ni, na haɗiye.

Babbar dokar kuwa ita ce ta ido. Ya ce mai juya lilo ba ya kallon hannunshi, fuskoki yake kallo. Yaron da ke ihu lafiyarshi lau, daɗi yake ji ko da kuka yake. Wanda ya yi shiru, ya ƙura ido wuri ɗaya, shi ne hannunshi ke shirin saki.

Wannan dokar ce na karya, kuma ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba sai yau. Ranar wata Kirsimeti ce a Samaru, da la'asar. 'Yan matan jami'a suka cika kujeru uku, suna ihu da Turanci wai in ƙara wuta. Ni kuma kun san hali. Na hau ba su amsa, ina murzawa da ƙarfi, ina yi musu rawa da kafaɗa, abokin juyina yana ta dariya. A kujera ta shida akwai wata 'yar yarinya, Talatu, ba ta wuce shekara biyar ba. Ni na tsuguna na tambayi sunanta, ni na rufe mata sakata, sannan na manta da ita sarai. Ashe tun zagaye na uku ta yi shiru. Ta yi ta zamewa ta ƙarƙashin sakatar har ƙafafunta suka fito waje.

Baba yana can bakin layi ya hango. Ban san tsoho na gudu haka ba. Ya ture ni, ya cafke mariƙin yana cikin gudu. Ƙarfen ya murɗe mishi wuyan hannu, na ji ƙarar da kunnena, amma bai saki ba, bai kuma tsayar da lilon lokaci ɗaya ba, don da ya yi haka da yarinyar ta faɗo. Ya rage gudun sannu sannu, da karyayyen hannu, yana kiran sunanta, "Talatu, kalle ni, 'yata. Ni za ki kalla." Har kujerar ta sauko ya ɗauke ta da ɗaya hannun.

Na jira mari, na jira kora. Washegari na iske shi da hannu a ɗaure, ya cika daro ya ajiye a kujera ta shida. Wata guda na ƙara. Hannun nan bai sake miƙewa daidai ba har ciwon ƙirji ya ɗauke shi, kuma ko sau ɗaya bai ce ni na jawo ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina yawan tunanin me zai ce da zai leƙo Zariya yau. Motoci sun yi yawa, kowa sauri yake, kowa yana son a ce ya iya aiki ranar da ya fara. Ba sai na yi nisa ba, ni kaina ya ishe shi. Sau nawa na buga ma direba jikin mota tsohuwa ba ta gama shigo da ƙafarta ba? Ranar da na kama kaina ina haka, sai in ji kamar yana tsaye a bakin titi da karkataccen hannun nan, yana kallona.

Abin da ya sa Yaya Ladi ta matsa a yi rubutun nan bana, ba kewa kaɗai ba ce. Bayan rasuwar Baba ƙafar lilon ta kwanta a bayan gida tana tsatsa, sai kwanan baya wani ɗan kasuwa, Alhaji Mudi, ya saya. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya. Ya sa an yi mata fenti ja da kore, ta yi kyau kamar sabuwa. Amma ya cire mariƙin, ya ɗaura mata injin niƙa da bel, wai hannu ya zama tsohon yayi. Ya ɗebo samari shida daga tasha, abokaina ne duka, na san su na san halinsu, ya ce su za su riƙe ta ran Babbar Sallah a Samaru. Koyarwar da aka yi musu ita ce yadda ake tada inji da yadda ake kashewa.

Tun da na ji, abinci ya daina mini daɗi. Injin niƙa abu biyu ya sani, ko yana gudu ko ya mutu. Bai san a rage ba, bai san wurin nan na can sama ba, ba shi da idon ganin wa ya yi shiru. Ga ƙararshi kuma, ko yaro ya kira uwarshi ba mai ji. Duk yarinyar da ta shigo motarmu da sabon lalle, sai in tsinci kaina ina kallon ɗan hannunta ina auna ko zai iya riƙe sakata.

Yanzu dai injin yana shagon Alhaji, an mai da mariƙin. An ba ni samarin nan shida da kwana tara in koya musu kafin Sallah. Baba sati uku ya ba ni, kuma kun ga abin da na yi duk da haka. Jiya a cikinsu Garba ya zubar da ruwa sau goma sha ɗaya, Iliya kuma har yanzu in ya tsuguna gaban yaro dariya ke kama shi. Na gaya musu wanda bai wuce daro ba, layi zai tsare, ba zai taɓa mariƙi ba, ko da mu biyu ne za mu wuni muna juyawa. Ko zan iya tsayawa a kan wannan magana in jama'a ta taru, Alhaji yana hararata, ban sani ba. Ku da za ku kawo yara, in kun ga layi yana tafiya a hankali, kada ku zage mu. In kuma kun ga mai juyi yana kallon 'yan mata, ku yi mishi magana, ko da ni ne.

Baba Dogara bai bar gida mai bene ba, ƙarfen da ya ƙera ma ya zama na wani. Da na zauna ina lissafin me ya rage nashi, abin da na samu ɗan kaɗan ne: wani tsohon daro mai lotsawa a gindi, da wani shashasha a tasha wanda har yau ba ya iya yi ma yaro magana sai ya tsuguna. Ko wannan ya isa ya riƙe kujeru takwas ran Sallah, Allah ne ya sani.

Na san za a tambaya yadda aka yi Alhaji ya yarda ya cire injin da ya kashe ma kuɗi. Ba ni na iya da shi ba. Ranar Talata muka same shi a fili, ni da Yaya Ladi, ya zo da 'yar autarshi Binta tana ta tsalle wai ita za ta fara hawa. Na yi ta zuba, ya ce in yi mishi shiru, inji ba ya gajiya, ba ya kallon mata. Wannan ta same ni. Sai Yaya Ladi ta roƙi a gwada abu ɗaya. Ta cika daron babanta ta ajiye a kujera, aka tada inji. Fizgar farko rabin ruwan ya tafi. Da kujerar ta kai sama ta juyo, daron da kanshi ya zame ta ƙarƙashin sakata, ya faɗo, ya yi ƙara a ƙasa, ruwan ya wanke ma Alhaji gaban riga.

Ya karkaɗe rigar, ya ce mu daina mai da shi yaro. Daro ai ba shi da hannu, ɗan mutum kuwa zai riƙe.

Yaya Ladi ta ɗauki daron, ta duba sabuwar lotsawar da ya yi, sannan ta share kujerar da bakin zanenta.

"Gaskiyarka, Alhaji," ta ce. "To ga wuri na goge. Kawo Binta ta zauna, ita tana da hannu."