Ƙarafan Keken Safa

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar Larabar da Malama Rifkatu ta tsaya a bakin kantar sitona, ta gaishe ni doguwar gaisuwa har da tambayar iyali da zafin gari, sannan ta ce in ba ta aron hankalina. Ku da kuka shigo aikin sito yanzu, kuna ganina da furfura kuna tsammanin da ita aka haife ni. To ku gyara zama ku ji irin wautar da babanku ya tafka.

Lokacin nan kuɗin mai sun buɗe, Katsina kuma tana ƙarƙashin Kaduna. Kaya shigowa kawai suke yi, wanda aka nema da wanda ba a nema ba. Aka turo ni wata cibiya ta koya wa mata sana'a, nan wajejen Ƙofar Kwaya, a matsayin mai kula da sito. Kafin nan na yi Funtuwa, na yi Zariya, na yi Kafanchan, an kuma aike ni Ikko sau biyu karɓo kaya a bakin teku. Saboda haka kaina ya ɗan yi girma. In ana gardama a kan wani abu na Turawa, ni ake juyowa a tambaya, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Ga wanda bai san tsarin ba, ga yadda muke yi a lokacin. In akwati ya iso, mai sito shi ke buɗewa, da masinja a tsaye a matsayin shaida. Kowane abu sai ka ba shi suna, ka rubuta shi a littafin sito ƙarƙashin danginsa: kayan ofis daban, kayan girki daban, kayan ɗinki daban. Duk takardar da ta fito daga akwati, fayil take shiga, a kulle. Ba mai ƙetare kantar sito ya shigo ciki, ko da shugaba ne. Ba abin da ke fita sai da takardar neman kaya da sa hannu.

To, a tsakiyar bazara sai ga manyan akwatunan katako daga Kaduna, da kekunan saƙa safa guda shida. Ba su yi kama da keken ɗinki ba ko kaɗan. Wani zagayayyen ƙarfe ne kamar ƙaramar tukunya marar gindi, ana ɗaure shi a bakin tebur. Allurai sun kewaye bakinsa a tsaye, kowace da ƙugiya a kai da wani ɗan harshe mai buɗewa da rufewa. Ana juya mariƙi da hannu, safa ta riƙa saukowa ta tsakiya.

A ƙasan akwatunan kuwa ga tarkace iri-iri. Fakitin allurai na canji, wannan na gane. Abin naɗe zare, ɗan gwangwanin man keke, buroshi, da ƙugiyar tsamo zare in ya kuɓuce, duk na sa su a kayan ɗinki. Akwai littafi da wani yare wanda ba Turanci ba, na ko buɗe shi ban yi ba na jefa a fayil. Sai wasu ƙarafa masu haƙora a lanƙwashe, na juya su na ce cokali mai yatsu ne na Turawa, na tura ajin girki. Sai kuma wasu ƙarafa zagayayyu masu nauyi, kamar waina, kowanne da tsaga a gefe, da 'yan sandunan da ake jera su.

A makon nan aka gama sa mana fankar sama a ofisoshi. Sabon abu, kowa ya ƙure ta, takardu sai tashi suke kamar tantabaru. Ina ɗaga ƙarfen nan na ce lallai gwamnati ta san abin da take yi, ta aiko fanka, ga madannin takarda ya biyo baya. Na rubuta su a kayan ofis, na raba. Har godiya aka yi mani.

Malama Rifkatu mutuniyar Filato ce, ita aka ɗauko musamman don kekunan nan, domin ta koyi irinsu tun tana yarinya a makarantar mishan. Mijinta ya rasu, tana haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyu da mahaifiyarta. Tana cikin watannin ƙarshe na shekara biyun gwaji, waɗanda in ka cika su lafiya ake tabbatar da kai a aiki, in an sami matsala kuwa a sallame ka da takarda ɗaya.

Ranar da na ba ta kekunan, ta duba ta ce akwai saura. Ta ce akwai ƙarafa masu nauyi da ake ratayawa a jikin saƙar daga ƙasa, su ke jan ta, sai tsohon zare ya zame daga allura sabo ya hau. Ni kuwa a raina ina hango wani abu mai sarƙa kamar na rijiya. Abin da ka riga ka ba suna a littafin sito, ba ya sake zama wani abu a kanka. Na jawo akwatunan har bakin kanta na nuna mata babu komai ciki. Na ƙara da cewa ai kekunan zamani ne, wataƙila sun wuce irin waɗanda ta sani. Ta dube ni, ta ce to, Allah ya sa.

Matar nan ba ta zauna ba. Ta ɗinka 'yan jakunkuna, ta cika su da tsakuwa, ta rataya. Ƙwaurin safa yana fita ba laifi, dunduniya ce kawai take ba ta wahala. Ana haka shugabanmu Alhaji Mamman ya zagaya da baƙi, ya hango jakunkuna suna lilo a ƙarƙashin tebura. Mutumin kirki ne, amma yana son a ga cibiyarsa fes. Ya aika wa babbar malama cewa gwamnati ba ta sayo keke daga Turai don a rataya mashi tsakuwar bakin hanya ba, a cire kafin azahar.

Aka cire. Daga nan zare ya fara hawa kan allurai yana cukurkuɗewa, ɗalibai su ja mariƙi da ƙarfi, allura ta karye. Ƙa'ida kuwa ita ce sai ka kawo karyayya a ba ka sabuwa. Na riƙa jera karyayyun a murfin gwangwani, da suka yi yawa na rubuta rahoto cewa ana ɓarnar kayan gwamnati a ajin safa. Ni a ganina aikina nake yi. Rahoton nan shi ya jawo mata takardar tuhuma, ana saura kwana goma sufeto ta iso daga Kaduna. Kowa ya san in sufeto ba ta ga safa ba za a rufe ajin, kuma ba za a tabbatar da Malama Rifkatu ba.

Malamai mata a can baya ajujuwansu suke, duk abin da suke so ta hannun babbar malama yake bi. Ba sa shiga ofisoshi. Ranar Larabar nan ce aka kira ta gaban Alhaji don ta karɓi takardar da hannunta. Fanka na juyawa, Alhaji ya ɗaga ƙarfen da ya danne takardar, ya miƙa mata takardar. Ta sa hannu, ta yi godiya, ta fito. Kai tsaye sitona ta yo.

Bayan gaisuwar nan ta ce, "Malam Lawal, ƙarfen da ke kan teburin Alhaji, daga ina ya fito?"

Na ce madannin takarda ne, ni na raba su da hannuna. Ta ce guda nawa ne. Na ce ashirin da huɗu.

"Kowane keke huɗu ke nan," in ji ta.

Na juya na buɗe kabad, na ciro littafin nan daga fayil, na aza a kan kantar. Ba mu iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma akwai zane. A shafi na uku an jera duk abin da ya kamata ya raka kowane keke, ga wainar nan tawa guda huɗu a kan sanda, tana rataye a ƙarƙashin safa. A gefenta ga cokali mai yatsuna, an maƙala shi a dunduniya.

Na tambaye ta mi ya hana ta faɗa tun a ofis, alhali takardar da za ta iya cin aikinta tana hannunta.

Ta ce, "Akawu yana tsaye, masinja yana bakin ƙofa. Da na faɗa, kafin la'asar an ji a kasuwa. Kai ma kana da iyali, Malam."

Ta ce in tattaro mata su a hankali, ba sai kowa ya sani ba, ita kuma za ta amsa takardar ta ce za ta ƙara kula. Ba zan ɓoye maku ba, shawarar ta yi mani daɗi. Na yini ina juya ta. Amma na san aikin fayil fiye da ita. Takardar tuhuma da amsar da ta amsa laifi za su zauna a fayil ɗinta, kuma sufeto fayil take fara karantawa kafin ta dubi safa.

Da safe na ɗauki littafin na shiga wurin Alhaji. Na durƙusa muka gaisa, na buɗe shafi na uku na ajiye kusa da ƙarfen. Ya dubi zane, ya dubi ƙarfe, ya sake duban zane.

"Lawal," ya ce, "kai da ka je Ikko sau biyu?"

Na ce ranka ya daɗe, da alama sau biyun bai isa ba.

Ya so ya yi dariya, sai kuma ya tuna da jakunkunan tsakuwa, ya fasa. Ya ce ni na san takardar da aka ba lamba ba ta yaguwa, sai dai a janye ta da wata takardar, kuma dole wannan ta faɗi inda laifin yake. Ya tambaye ni ko na fahimci abin da hakan ke nufi gare ni. Na ce na fahimta. Ya turo mani takarda da biro, na rubuta a gabansa. Shi kuma ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da hannunsa, cewa shi ya ba da umarnin cire abin da malamar ta rataya. Ban roƙe shi ba.

Ranar nan na bi ofis ofis da bokiti ina karɓe kayana. Akawuna suka kashe fanka suna fifita da fayil suna yi mani addu'o'in da ba zan maimaita ba. Guda ɗaya ta ɓace, ashe ma'ajinmu ya tafi da ita gidansa a GRA tana tare mashi ƙofar falo. Na hau kekena a tsakiyar rana na je, maiɗakinsa ta miƙo mani ta labule tana tambaya ko gwamnati ta talauce ne. A ajin girki kuwa malamarsu Hajiya Binta ta kwaso mani masu haƙoran nan daga ƙasan kabad, ta ce dama ta gwada su da taliya ta kasa, ta ce lallai bakin Turawa daban ne.

Da la'asar na kai kayan ajin safa da kaina. Ban taɓa shiga ajin ba sai ranar. Malama Rifkatu ta matse ƙasan saƙar da wani maƙali, ta rataya sandar, ta jera ƙarafa uku, ta kama mariƙi da yatsu biyu kawai. Keken da nake jin ƙararsa daga sito kamar ana jan gwangwani, sai ga shi yana wani sauti mai laushi, safa tana saukowa sumul. Da ta zo dunduniya ta maƙala mai haƙoran, ta riƙa juyawa gaba da baya, dunduniya ta fito a kumbure kamar da ƙafa a ciki. Ɗalibai suka yi guɗa. Ita ko kallona ba ta yi ba, don kada in ji kunya, ta kira ɗaliba ta farko ta ce zo ki zauna, kwana tara gare mu.

Sufeto ta zo ta tarar da safa a kan igiya, wasu dogaye wasu gajeru, amma duk da dunduniya. Ta karanta fayil ta ga takardar janyewa. Bayan wata biyu takardar tabbatar da Malama Rifkatu ta iso. Ni kuma tawa takardar tuhumar ta zauna a fayil ɗina, ƙarin girman da nake jira ya yi jinkirin shekara guda. Ta zo har bakin kantar sito ta ce ba ta so abin ya kai haka ba. Na ce Malama, da naki da nawa ba ɗaya ba ne, nawa jinkiri ne kawai.

Mu mutanen sito an horar da mu kan tsoron ɓata. Kada allura ta ɓace, kada wani ya ƙetare kanta. Ba wanda ya taɓa ce mani kaya na iya ɓacewa alhali suna nan a rubuce, kowanne da lambarsa, mai su kuma tana taku ashirin daga ƙofata tana tsintar tsakuwa. Tun daga ranar, duk inda aka kai ni, ba na zare ƙusa ɗaya daga akwati sai wanda zai yi aiki da kayan yana tsaye a gefena, shi ya faɗi suna, ni in rubuta. An sha ce mani ba haka ƙa'ida ta ce ba. Ku ma za a ce maku. Ku ce wani tsoho ne da ya je Ikko sau biyu ya koya maku.